Hauni, Ba Dama Ba

Masu bin labarin nan nawa, ku gyara zama, don abin da zan faɗa yau ko Hamida aminiyata ba ta san shi ba. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Nusaiba, 'yar Gummi ce ni gaba da baya, shekarata ashirin da biyar, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare. Matsalata a duniya guda ɗaya ce, sunanta Lukman.

Lukman ɗan aminin marigayi babana ne. Asalinsu mutanen Anka ne, amma tun yana rarrafe mahaifinsa ya kwashe su zuwa Kano. Can ya girma, can ya yi karatu, can kuma ya koyo cewa duk wanda bai yi magana irin tasa ba bagidaje ne. Wata huɗu ke nan yana zuwa zance gidanmu. Kafin a ji ƙarar motarsa turarensa ya riga ya yi sallama. Zai zauna a kan tabarmar zaure yana ɗage ƙafar wando kamar tabarmar za ta cije shi, ya kurɓi zoɓon da na kai masa ya ce ya yi zaƙi da yawa. Ranar farko da ya yi wata magana ban ji ba, na ce, "Mi kac ce?"

Sai ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Me ka ce ake cewa, bebi. Kina malamar makaranta? In na kai ki Kano a haka ai abokaina sai su zaci mai aiki na ɗauko."

Tun daga ranar na tsane shi, tsana mai sanyi, irin wadda ake yi ana murmushi. Kowane zance sai ya gyara mini Hausa kamar an aiko shi duba jarrabawa. Ni kuwa ina kallonsa a raina ina cewa, ka ji mutum, kakanninka suna kwance a maƙabartar Anka, da irin bakin nan suka yi salati suka cika.

Inna kuwa ba ta ganin laifinsa ko na ƙwayar gero. Yana durƙusa mata har ƙasa, yana kawo mata maganin ciwon gwiwa, shi ke nan ya gama da ita. Ana gobe za mu tafi bikin 'yar'uwar Hamida a Nasarawa Burkullu, ina ninke ankon leshi ruwan ƙwai cikin jaka, ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado tana murza carbi.

"Ƙannenki biyu suna ɗakin mazansu, Nusaiba. Baffanki Ɗahiru ya ce in kun komo daga bukin ga shina son amsa kan maganar Lukman."

"Inna, ni hwa..."

"Ba wanda ya ce dole. I ko a'a. Amma in a'a ta, ki zo da dalili, don ba ni aje ma Baffanki wasan yara."

To ku faɗa mini, wa zai je gaban Baffa Ɗahiru ya ce dalilinsa shi ne ana gyara masa Hausa? Shi ya sa addu'ata kullum guda ce: Allah ya sa Lukman ya gaji don kansa ya tafi, laifin ya tsaya a wuyansa.

Yaya Saminu, wan Hamida, shi ya ɗauke mu a motarsa. Damina ta ɗauke, ana ta yankan gero hagu da dama, hanya ta yi kyau sai wurin da ruwa ya ci. Muna isa, ko lallen ba a gama sa mana ba, wayata ta yi ƙara, saƙon Lukman ne.

"Bebi ina Anka gidan kawu. Na ji akwai wani kogo a dutsen bayan garin da kuke. Na yi magana da Saminu, gobe da safe zan kai ku yawon buɗe ido. Ki sa kayan da za su fito a hoto."

Na rubuta, "To."

"To kawai? Babu ko ɗan zuciya?"

Na tura wayar ƙarƙashin matashi na miƙa wa mai lalle ɗaya ƙafar. Hamida ce ta dinga tsalle, wai ita tun tana yarinya take jin labarin kogon, ba ta taɓa shiga ba. Ɗaurin aure sai bayan La'asar, safiyar duk tamu ce, ban sami hanyar zillewa ba.

Da safe na sa tsohuwar doguwar riga ta atamfa da wando a ciki, ƙaramin hijabi, da takalmin roba na wanke-wanke. Hamida ma haka. Sai ga ango ba da aure ba ya iso: farar shadda mai aiki har ciki, hula zanna an karya ta gefe, takalmi sau-ciki mai tsini yana ƙyalli, da baƙin tabarau. Baƙin tabarau, jama'a, mutum zai shiga kogo. Yaya Saminu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Lukman, ɗaurin auren sai yamma hwa." Ya ce ai shi ko gona zai je haka yake fita.

A gindin dutsen muka sami wanda zai yi mana jagora. Sunansa Makau, dattijo ne gajere, zai yi shekara sittin, da sanda a hannu, igiya naɗe a kafaɗa da tocila ɗaure a goshi da robar taya. Sana'arsa kwasar kashin jemage daga cikin kogon, yana kai wa masu lambun albasa su yi taki, shi ya sa ya san cikin dutsen kamar ɗakinsa. Ya amsa gaisuwarmu, ya dubi takalmin Lukman. Ya warware igiyar ya ba kowa wurin riƙo.

"Kowa shi riƙe igiyag ga, kar shi saki. Kar kowa shi wuce ni. Masu ginar zinari sun taɓa shiga nan, sun yi rami can ciki sun watsar, bakinai buɗe shike."

Lukman ya sunkuyo kusa da kunnena. "Me tsohon nan yake cewa ne? Sai ka ce rediyon da batir ya yi wa sanyi."

Da ƙarfi na ce, yadda kowa zai ji, "Au, ba ka ji ba? In maimaita maka da Kananci?"

Ya miƙe yana gyara hula, ya dubi Yaya Saminu. "Haba, tsokana nake. Ni fa ɗan ƙasa ne, jinin Anka. Babu abin da za a faɗa a nan ban ji ba."

Na ce, "Madalla." A raina kuwa na ce, girman kai rawanin tsiya, za mu gani.

Bakin kogon bai fi ƙofar zaure ba, sai an sunkuya. Makau ya yi bismillah ya shiga, Lukman na bayansa, sai ni, sai Hamida, Yaya Saminu a ƙarshe. Taku goma ba mu yi ba hasken rana ya yanke. Wani wari ya tarbe mu, mai kama da na akurkin kaji da aka manta ba a share ba, ga wani sanyi mai danshi yana taɓa wuya. Sama kuwa in ka haska, jemagu ne jingim suna rataye suna tsuwwa. Hamida ta damƙe hijabina tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, wurin ya burge ni. Akwai inda rufin ya ɗaga har tocila ba ta kai ƙarshensa, ruwa na ɗiga daga sama ɗis, ɗis, cikin wani ƙaramin kwarmi da ya rarake a dutse. Makau ya ce ko a tsakiyar bazara ba ya ƙafewa. Ya nuna mana inda kakansa ya ce mutane sun taɓa ɓoye hatsi lokacin yaƙi, har yanzu da baƙin hayaƙi a bango. Da ni kaɗai ce da na tsaya na saurara. Amma Lukman bai bar kowa ya ji ba. Shi ya ga irin wannan a talabijin, na ƙasar waje ya fi wannan girma sau goma, can har da fitilu da matakala, mu ne dai ba mu san darajar abu ba. Yana cikin bayani wani jemage ya sako masa tsaraba a kafaɗar shadda. Ya yi tsalle ya bugi kai da dutse, hular ta faɗi cikin taki. Na ciji leɓe don danne dariya har na ji gishiri. Ya juya ga Makau.

"Baba, ba a share wurin nan ne?"

Makau ya ce, "Ni ka sharewa, ɗana. Da shi nika ci da iyali."

Daga nan muka iso wani matsatsi da Makau ke kira maƙogwaro. Sai an kwanta rub da ciki an ja jiki kamar tsawon tabarma biyu. Makau ya wuce kamar ƙadangare. Lukman ya tsaya yana lissafin shaddarsa, ya ga ina kallonsa, ya kwanta ya bi, ina jin tsinin takalminsa yana kankarar dutse. Na bi bayansa. Da muka fito ɗaya gefen, farar shaddar ta koma kalar miyar kuka.

Hamida ce ta ƙi. Ta shigo da kai da kafaɗu, sai ta tsaya cak ta fara kuka, wai numfashinta zai ɗauke, ita ba gaba ba baya. Yaya Saminu na bayanta yana lallashi, abin ya ƙi. Makau ya ce mana, "Ku tsaya nan, kar ku gusa," ya sake kwanciya ya koma cikin matsatsin yana mata magana a hankali kamar mai lallashin akuya ta haye gada.

Muka rage mu biyu. Lukman ya saki igiyar ya miƙo mini wayarsa.

"Zo ki ɗauke ni daga baya ina tafiya, kamar ni kaɗai na gano wurin."

"An ce mu tsaya."

"An ce, an ce. Ke komai aka ce sai ki bi? Shi ya sa ba kwa ci gaba a nan."

Na karɓi wayar. Ya kunna tocilar da ke hannunsa ya fara takawa yana wani buɗe kafaɗu, ni ina biye da 'yan taku kaɗan. Gabanmu hanya ta rabu biyu. Ta hagu ƙarama ce, ta gangara ƙasa. Ta dama ta fi faɗi, ta ɗan yi sama kamar tudu.

Makau ya ji takunmu. Daga cikin matsatsin muryarsa ta fito, dutse yana maimaita ta.

"Kai na gaba! In ba ka tsayawa, to bi hauni! Hauni, ka jiya? Hauni!"

Ku da ba 'yan ƙasarmu ba, hauni shi ne hagu. Haka muke cewa, haka Inna ke cewa in na miƙa mata abu da hannun da bai dace ba. Yaron da aka yaye jiya ya san wannan.

Lukman ya tsaya. Ya haska hanyar hagu, ya haska ta dama. Sai ya juyo ya dube ni. Hasken wayarsa da ke hannuna yana kan fuskarsa, na ga idonsa sarai, ya cire tabaran tun tuni. Tambaya ce a cikin idon, ba ta da wani suna. Kalma ɗaya yake jira, kuma tana kan harshena.

Na yi masa murmushi. Irin wanda yake yi mini a zaure in na ce wanga ko wagga.

A nan ne nake so ku fahimce ni, ko da yake ban san ko ni na fahimci kaina ba. Na ji maganar ramin da Makau ya yi a waje, ba zan ce ban ji ba. Amma ya ce can ciki, ni kuma na ɗauka can ciki da nisa ne. Abin da na hango shi ne Lukman ya je ya ci karo da bango, ko jemagu su watso masa a fuska, ya dawo yana borin kunya, Makau ya tambaye shi a gaban Yaya Saminu, ashe ɗan ƙasa bai san hauni ba? Wata huɗu ina haɗiye dariyarsa, na ce yau dai a bar ni in ɗanɗana tawa. Ai matambayi ba ya ɓata, in yana so ya sani ya buɗe baki ya roƙi bagidajiya.

Bai tambaya ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Na ji, Baba!" Ina jin ya auna kalmar ne da Hausarsa, ya ga hauni ai daga hawa take, ga kuma hanya mai hawa a gabansa. Ya juya ya bi dama.

Taku shida na ƙirga. A na bakwai hasken tocilarsa ya yi sama, ya wulwula a rufi, ya ɓace. Sai ƙarar tsakuwa, sai wani tim mai nauyi. Daga nan shiru, shirun da ban taɓa jin irinsa ba. Jemagu suka tashi gaba ɗaya suna kaɗa mini iska a fuska.

Ban san lokacin da na fara kiran sunansa ba. Makau ya fito daga matsatsin ya ture ni gefe ya wuce, Yaya Saminu ya janye Hamida baya ya biyo shi. Muka kwanta a bakin ramin muna haskawa. Zurfinsa zai yi tsayin mutum biyu da rabi. Yana can ƙasa cikin taɓo da taki, a zaune, ya riƙe ƙafarsa ta dama da hannu biyu, ƙafar ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Bai yi ihu ba. Mutumin da ya yi tsalle saboda kashin jemage, ga shi da karaya yana ta salati a hankali. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Makau ya ɗaura igiyar a wani dutse ya sauka da kansa. Ya cire rawanin da ya yi ɗamara da shi ya ɗaure ƙafar da sandarsa, ya sa masa igiya a ƙarƙashin hammata, Yaya Saminu na ja, ni ina riƙe da fitila. Fitar da shi ta maƙogwaron nan kuwa, kada Allah ya maimaita. Makau ya kwanta ya ɗora shi a bayansa ya dinga jan jiki da shi kaɗan-kaɗan. Da muka fito rana ta take tsaka, duk mun zama kamar waɗanda aka tono.

Aka kwantar da shi a inuwar wata ƙirya kafin Yaya Saminu ya matso da mota. Makau na haki, ya tsuguna kusa da shi.

"Ɗana, ai na hwaɗa maka hauni. Har sau ukku."

Lukman ya rufe ido. "Kun faɗa, Baba. Ni ne ban kula ba."

Makau ya juyo gare ni. Idonsa ƙanana ne, jajaye saboda shekarun duhu. "Ke kuwa ɗiyata, kina bayanai. Ba ki ga inda yab bi ba?"

"Duhu, Baba," na ce.

Ya dubi wayar Lukman da har lokacin take hannuna, fitilarta a kunne da tsakar rana. Ya miƙe ya fara naɗe igiyarsa, bai sake kallona ba har muka tafi.

Anka aka wuce da shi, asibiti, daga can gidan kawunsa. Bikin da ban san yadda aka yi shi ba ke nan. Na sa ankon, na ɗaura ɗankwali, an ce in yi murmushi a hoto na yi. Hamida sai kuka take tana cewa laifinta ne, da ba ta tsaya a matsatsin ba da Makau bai bar mu ba. Na dinga bubbuga bayanta ina cewa ƙaddara ce. Kun ji ni, gwano ba ya jin warin jikinsa, ni ce mai ba wani haƙuri.

Kwana uku da komawarmu Gummi babu saƙo ko ɗaya. Mutumin da ke turo mini barka da safiya da furanni goma sha biyu. Na rubuta "Ya jiki?" na goge. Na rubuta "Allah ya ƙara sauƙi," na tura, na ga alamar ya karanta, bai amsa ba. Na ce a raina, ji shi, ko a kan gadon jinya sai ya ja aji. Na fi son in ci gaba da raina shi, ya fi mini sauƙi.

Inna kuwa ta tashi tsaye. Ranar Alhamis tun da hantsi ta sa aka yanka zakaru biyu, ta yi farfesu da kanta, ta daka fura mai yawa ta zuba a sabuwar ƙwarya, ta fito da lulluɓinta na zuwa unguwa mai ruwan toka. Ta leƙo ɗakina.

"Tashi ki shirya, Anka za mu dubiya. Yaron ga saboda ke yash shiga ramin ga, kowa ya sani. In mun je ki ba shi amsa da bakinki, ko ƙahwar ta ji daɗin ɗinkewa. Na hwaɗa ma Baffanki."

Ina tsaye gaban madubi ina saka ɗan kunne wayar ta yi ƙara a kan gado. Sunansa ne. Na zauna na buɗe.

"Nusaiba. Na tambayi kawu ma'anar hauni. Ya ce a ƙasar nan ko yaron goye ya sani. Na juyo na dube ki, kin ga na dube ki. Na san na sha yi miki dariya, ban san ta kai haka ba. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba. Na ce wa Abba a bar maganar aurenmu. Ki ba Inna duk dalilin da kika ga dama, zan ce haka ne."

Babu bebi, babu fure. Na karanta sau uku. Abin da na yi wata huɗu ina roƙon Allah ke nan, ya tafi don kansa, har ya bar mini zaɓin dalili. Na jira in ji daɗi, daɗin bai zo ba. Kunya ce ta zo, ta zauna mini a ƙirji daram.

Inna ta ɗaga labule, kular farfesu a hannu ɗaya, lulluɓi a kafaɗa. Ta ga wayar, fuskarta ta washe.

"Shi na?"

Na gyaɗa kai.

Ta ajiye kular a ƙasa, ta zauna kusa da ni a bakin gado har kafaɗarta na taɓa tawa, ta leƙa rubutun da ba ta iya karantawa.

"To karanta mini da ƙarhi, in ji abin da ɗan albarka yac ce."